Fuskar Efren a Kan Tamfol

Laifin dai Rodel ne ya yi shi, kuma da rana tsaka ya yi, a gaban kowa. Ana zaman makokin tsohon mai gyaran agogon unguwarmu, ana tsakiyar addu'a, sai ga shi ya shigo ya yi tatul da giyar kwakwa. Ya fizge makirfo daga hannun mai jan addu'a, ya rangaɗa waƙar soyayya baiti uku, sannan ya ɗaga murfin akwatin gawar ya ce wa mamacin ya ɗan matsa, shi ma ya gaji. Ƙarti huɗu ne suka fitar da shi. Takalminsa na hagu kuwa har yau ba a gan shi ba, wasu sun ce da shi aka binne marigayin.

Kashegari Kapitan, shugaban unguwa, ya zo gidan mahaifiyar Rodel, Nanay Choleng, wato Inna Choleng a bakinmu, da takarda a hannu. Matar mamacin ta kafa sharaɗi kafin ta koma garin Lucena wurin 'yarta: ko dai ɗan Choleng ya shiga zaman taimakon mashaya da ake yi duk Asabar a filin ƙwallon kwando, mako goma sha biyu cur, ko ta kai magana wurin 'yan sanda.

Nanay Choleng ta dafe ƙirji. Shekara takwas ke nan Rodel yana shirin tafiya aikin jirgin ruwa. Bai taɓa cike ko takarda ɗaya ba, amma shirin yana nan, kuma kowa ya san wanda sunansa ya shiga rajistar zaman mashayan sai ya bayyana a takardarsa ta shaidar hali.

"Kapitan, kai fa ka riƙe yaron nan ranar baftismarsa," in ji ta. "Da hannunka za ka rufe masa ƙofar arziki?"

Yaron nan shekararsa talatin da takwas, kuma a lokacin yana kwance a kan benci da jiƙaƙƙen tawul a fuska.

Kapitan ya sosa ƙeya, ya sake duba takardar. "To, ita dai cewa ta yi ɗan Choleng. Ba ta ce wanne ba."

Daidai nan Efren ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya kama hannun mahaifiyarsa Nanay Choleng ya ɗora a goshinsa yadda muke gaida manya, ya yi wa Kapitan haka. Sai ya ga dukansu suna kallonsa irin kallon da ake wa kaza ranar biki.

Efren shi ne ƙanin Rodel. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa kai giya bakinsa ba, ba don waliyi ne ba, a'a, warinta kawai ke sa shi atishawa. Da wannan ya samu abin yi. Yana da babur mai ƙafa uku, kuma kullum da safe yana kwasar yara tara ya kai su firamaren unguwar da ke gaba da mu, da yamma ya dawo da su. Iyayensu sun zaɓe shi ne saboda a duk tashar masu babur shi kaɗai ne ba a taɓa gani da kwalba ba. Wannan suna shi ne jarinsa, ba shi da wani.

"Nanay, ni fa ba na sha," ya ce bayan an yi masa bayani.

"To ai shi ya sa! Kai da ba ka sha, me za su hana ka? Kai zama kawai za ka yi. Kuyanka kuwa, babban wanka, in suka hana shi, ciwon kai zai kama shi."

"Iyayen yaran nan fa?"

"Wa zai sani? Ɗana, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In Kuyanka ya hau jirgi, wa zai sayo maka sabon babur?"

Rodel ya ɗaga gefen tawul. "Ja ma zan sayo maka, ƙanina. Mai fitila biyu."

Efren ya kalli Glenda, matar Rodel, wadda ke wanke-wanke a bakin famfo. Ba ta ɗago ba. A gidan nan ba a taɓa yi wa Nanay musu ba, ba a taɓa yi wa babban wa musu ba, balle su haɗu a kan magana ɗaya. Ya karɓi biro ya sa hannu.

Asabar ta farko, ƙarfe bakwai na safe, Efren ya tsinci kansa a layi da mutum goma sha uku suna rawar motsa jiki, kiɗa na tashi daga wata tsohuwar lasifika. Kowa na haki yana tari, shi kaɗai ke bin kiɗan daidai. Mam Perla, jami'ar da aka turo daga cikin gari, baƙuwa ce, ba ta san kowa ba. Ta tafa masa ta ce wa sauran su dubi wannan, jikinsa bai gama lalacewa ba.

Daga nan aka jera kujerun roba aka yi da'ira. Dokar wurin biyu ce: kowa ya faɗi labarinsa da bakinsa, kuma ba mai faɗin na wani. Wani ya ce ya sayar da ƙofar ɗakinsa. Wata ta ce ƙwaya ta raba ta da 'ya'yanta, ta yi kuka, aka riƙe mata hannu. Aka zo kan Efren. Ba shi da labari ko na ƙwarya ɗaya. Ya laluba, ya laluba, sai na Rodel ya faɗo masa.

"Sunana Efren. Na taɓa... na taɓa hawa bishiyar kwakwa a buge, na yi barci a can, sai da aka kira masu kashe gobara."

Sai wani ya ce, "Kai! Wannan gwani ne."

Wani tsoho da ke gefensa, Mang Tasyo (Mang a wurinmu kamar a ce Malam ne), wanda ya shekara arba'in yana sha kafin hantarsa ta yi masa gargaɗi, ya kama hannun Efren ya juya shi sama da ƙasa. Hannun ko motsi ba ya yi. Ya sunkuya ya shinshina kafaɗarsa.

"Sabulu," ya ce a hankali. "Mhm."

Ya sake masa hannun.

Da aka tashi aka ba kowa shinkafa kilo uku da kifin gwangwani biyu da 'yar takarda mai bayanin yadda iyali za su taimaki mashayi. Nanay Choleng ta karɓi shinkafar tun daga bakin ƙofa, ta ɗaga ta ta ji nauyinta, ta ce ashe gwamnati na da kirki. Kifin Rodel ya cinye shi da yamma, da shi ya kora kwalbarsa. Takardar kuwa da ita aka fifita gawayi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abu kamar wasa, Efren ya zama tauraron filin ƙwallo. Duk Asabar sai an ce a bar shi ya yi na ƙarshe. Da nasa labaran suka ƙare, Glenda ta shiga kawo masa wasu. Ranar Juma'a tana shanya, sai ta ce ba tare da ta dube shi ba:

"Gobe ka gaya musu ranar da ka sayar da fankar jariri."

"Ate," ya ce, yadda muke kiran babbar ya, "ni na sayar?"

"Kai mana. Kuma ka gaya musu ranar da ka jefi matarka da tukunyar shinkafa, ka ce ta yi sanyi."

"Ni da ba ni da mata?"

"Ka ce budurwa." Ta matse riga da ƙarfi har jijiyar hannunta ta fito. "Ka ji abin da za su ce, ka zo ka gaya min."

Ya je ya faɗa. A ranar ba wanda ya yi dariya. Mam Perla ta ce matar da aka jefa da tukunya ita ma tana da kujera a nan, ko ba ta taɓa ɗanɗana komai ba. Da ya dawo ya gaya wa Glenda, sai ta ce, "To," ta ci gaba da yanka albasa, ta daɗe tana yankawa.

A mako na huɗu uwar ɗaya daga cikin yaran da yake kaiwa makaranta ta tare shi. Ta ce ɗanta zai riƙa tafiya a ƙafa, likita ya ce yana da kyau. Yaron kuwa ɗingishi yake yi tun da ya faɗo daga bishiya. A mako na shida 'yan biyu suka tafi, ubansu ya ce shi ba ya zargin kowa, amma surukinsa ya ji labarin bishiyar kwakwa. Kashegari wani yaron ma ya bi bayansu. Mutanen unguwarmu, waɗanda da idonsu suka ga an sauko da Rodel daga wannan bishiya da igiya, su ma suka fara cewa, "Af, ashe Efren ne? Dama masu shiru-shirun nan su ake tsoro." Mai kanti ta hana shi ruwan tsamin kwakwa na miya, ta ce daga nan ake farawa. Fada ya tsayar da shi a ƙofar coci, ya dafa kansa, ya daɗe yana addu'a, layi ya taru a baya.

Efren ya koma gida ransa a ɓace. "Nanay, saura yara biyar."

"To ai babur ɗin ya huta. Dama tayar baya ta suɗe."

"Mutane sun ɗauka ni mashayi ne!"

"Bakin mutane ai ba ya kisa. Ni da na san gaskiya ban ishe ka ba?" Ta miƙa masa faranti. "Kuma wannan satin ka tambaye su ko akwai suga."

Rodel yana gindin mangwaro da abokansa uku, kwalba a tsakiya. Ya ɗaga murya: "Ƙanina, ka daure! Na ji an ce kana ƙoƙari sosai. Wallahi ina alfahari da kai. Ni ma tun da ka fara zuwa, sai nake jin nauyi ya ragu a zuciyata."

Ba na jin akwai abin da ya fi wannan ciwo, a zalunce ka kuma a yaba maka. Efren ya shige ɗaki ya kwanta da takalminsa.

Ya so ya daina zuwa. Abin da ya hana shi, ban da tsoron Nanay, shi ne wurin ya fara yi masa daɗi. A can ne kawai in ya buɗe baki ake yin shiru a saurara, ko da labarin ba nasa ba ne. Ya shuka kabeji a lambun bayan fili, ya raka wani matashi asibitin gari karɓar magani, ya koyi lambar da ake kira in mutum ya ji zai koma ruwa. Mang Tasyo yakan raba masa burodinsa, ya ce, "Ci, babban mashayi," yana dariya ƙasa-ƙasa.

Yara biyar ɗin nan suka tsaya masa har mako na sha ɗaya. Iyayensu 'yan unguwar gaba ne, jita-jita ba ta gama ƙetara gada ba. Efren ya lissafa, saura Asabar ɗaya a rufe rajista, kowa ya manta.

Sai dai mu a nan ba ma barin abin farin ciki ya wuce ba a buga hoto da saƙon barka a kan tamfol an rataye ba. Yaro ya ci jarrabawa, tamfol. An yi baftisma, tamfol. Wani zakara ma da ya ci gasa an taɓa buga masa nasa. Ranar Alhamis Nanay Choleng ta ɗauki hoton lasisin Efren ta shiga gari. Ta yi tunani ne mai zurfi: in matar mai agogo ta dawo ta yi tambaya, gara a ce kowa ya riga ya san wane ɗan Choleng ne ya je.

Safiyar Juma'a Efren ya ɗauko yaran, ya karyo kwanar makaranta, sai ya yi ido biyu da kansa. Fuskarsa ce, faɗinta ya kai ƙofar gareji, an ɗaure tsakanin sandar lantarki da katangar makaranta. An zagaye ta da furanni da kurciyoyi biyu, ga hoton kwalba an ja mata jan layi. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: BARKA, EFREN DIMAANO! KA RABU DA KWALBA! A ƙasa kuma: Daga mahaifiyarka mai haƙuri da Kuya Rodel, wanda bai taɓa yanke ƙauna ba.

Yaran suka yi ta tafi, suna cewa Mang Efren ya zama ɗan fim. Iyaye na tsaye a bakin ƙofa suna karantawa, leɓunansu na motsi. Da yamma da ya dawo ɗaukarsu, ya tarar kowace uwa ta zo da kanta. Ta ƙarshen, wadda 'yarta ta shekara huɗu a babur ɗinsa, ta ce, "Mun taya ka murna, Efren, da gaske. Allah ya ƙara tsarewa." Ta ja hannun yarinyar suka hau babur ɗin wani da kowa ya san da kwalba a ƙarƙashin kujerarsa yake kwana. Shi dai ba a buga shi a tamfol ba.

Ranar Asabar aka ba shi takardar kammalawa. Nanay Choleng ta dafa taliya babbar tukunya, ta gayyaci Kapitan da Mam Perla da duk 'yan da'irar, ta tsaya a tsakar gida ta yi jawabi. Ta ce Allah kaɗai ya san abin da ta sha a hannun yaron nan. Ta yi hawaye na gaske, har da majina.

A gindin mangwaro Rodel ya riga ya buɗe majalisa. Yadda muke sha a nan, kofi ɗaya ne. Mutum ɗaya ke zubawa, ya miƙa, ka shanye ka mayar, ya zuba wa na gaba. Kofin in ya zo gabanka ba a mayar da shi cike, balle daga hannun yayanka. Rodel ya zuba na farko a ƙasa don waɗanda ba a gani, ya sake cikawa, ya taso yana tangaɗi har gaban Efren.

"Ƙanina, ka gama makaranta. Yanzu ai kana da takarda. Kurɓi ɗaya mu yi murna."

Mam Perla ta miƙe. "Bawan Allah, ka san abin da kake yi kuwa? Mutumin da ya yi mako goma sha biyu yana fama!"

"Mam, ɗaya tak. Ai ni ina sa masa ido."

Efren ya karɓi kofin. Warin ya bugi hancinsa, ya yi atishawa sau uku, rabin giyar ta zube masa a riga. Ya dubi Mang Tasyo. Tsohon ya ajiye cokalinsa, ya gyara zama irin na ranar Asabar, ya haɗa hannuwa a kan gwiwa. Sauran 'yan da'irar suka ga haka, su ma suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

"Sunana Efren," ya ce. "Ban taɓa shan giya ba, ko sau ɗaya. Ban hau bishiya ba. Ban sayar da fanka ba, ban jefi kowa da tukunya ba. Kuya ne. Nanay ta ce in zo a madadinsa, na zo. Ina da yara tara da nake kaiwa makaranta, yau ba ni da ko ɗaya. Wannan ne labarina, ba ni da wani."

"Yawwa," in ji Mang Tasyo. "Mako goma sha biyu ina jiran wannan."

Mam Perla ta juya ta kalli Kapitan. Kapitan ya duba agogo ya tuna yana da taro.

Nanay Choleng ta taho a hankali, ta kama rigar Efren ta shinshina, ta juya ga jama'a ta ɗora hannu a ka.

"Kun gani ko? Kun ji warin? Ko awa uku bai yi da karɓar takarda ba ya koma! Ku yi haƙuri da abin da ya faɗa, jama'a, ba shi ba ne, giya ce ke magana."

Kuma wallahi akwai waɗanda suka gyaɗa kai. Rodel ya karɓe kofin daga hannun ƙaninsa cikin tausayi, ya ce kada a yi asara, ya shanye ragowar.

Glenda ce ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ba ta yi jawabi ba. Ta ɗage gashin goshinta ta nuna wa Mam Perla tabon da bakin tukunya ya bari, ta ce, "Mam, kujerar nan da kika ce, ƙarfe nawa ake zuwa?"

Mam Perla ta yi abin da za ta iya. Ta goge sunan Efren daga rajista, ta bi gidajen iyayen yaran nan tara ɗaya bayan ɗaya da bayani. Kowa ya ba ta kujera, ya ba ta kofi mai zafi, ya ce Allah sarki. Uba ɗaya ne ya faɗa mata abin da ke ran sauran: "Mam, uwar da ta haife shi ce fa ta buga tamfol ɗin. Uwa za ta yi wa ɗanta ƙarya?" Ba yaron da ya dawo.

A unguwarmu akwai kujeru, akwai jami'a, akwai shinkafa, akwai lambar da za ka kira. Abin da gwamnati ba ta iya kawowa ba shi ne gidan da zai yarda ya nuna mai ciwon. Gidaje nawa ne suka gwammace su yanka mai lafiya su shayar da marar lafiya romo, don kawai shi ne ɗan lele? Takardar shaidar halin Rodel ta fito fes, an sa mata gilashi an rataye a falo. Jirgin dai har yanzu bai zo ba.

Efren yanzu kwakwa yake ɗauka daga gona zuwa kasuwa. Ya kwance tamfol ɗin da kansa, kuma da yake rufin babur ɗinsa na yoyo, ya yanka shi ya rufe da shi. In ya wuce ta ƙarƙashin gada sai ka hango fuskarsa tana kallon sama, kurciya ɗaya a gefen kunne.

Asabar ta goma sha uku ya tashi ƙarfe shida, ba wanda ya tashe shi. Glenda ta riga ta shiga babur da jaririnta. Rodel na kan benci da tawul a fuska. Efren ya tsaya a kansa ya ce, "Kuya, akwai wuri a baya." Tawul ɗin bai motsa ba. Ya ɗan jira, sannan ya taka babur.

Sun kai bakin ƙofa ke nan Nanay Choleng ta fito da gudu tana ɗaga hannu, zaninta na ja a ƙasa. Efren ya taka birki. Shekara talatin da ɗaya yana jiran ranar da matar nan za ta biyo shi da gudu.

Ta iso tana haki, ta cusa masa jakar leda a hannu.

"Tunda ku biyu ne yau," ta ce, "ka gaya musu kilo shida ne."